Safa Mistri, Mai Rubuta Sunan Jirgi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Karnaphuli ya ɗaga kai ya karanta sunan wani jirgin dako, da wuya in ba hannun Safa Mistri ya karanta ba. Sunansa na yanka Nurussafa, amma a unguwarmu ta Majhirghat in ka ce Nurussafa sai a yi ta kallon-kallo. Mistri muke ce wa duk mai sana'ar hannu, shi kuwa tasa sana'ar rubutu ce. A ɗaure katako da igiya biyu, a zuro shi daga saman jirgi, ya zauna yana lilo tsakanin sama da ruwa, gwangwanin farin fenti na maƙale a ƙugunsa. Ya rubuta sunan jirgin a goshi, ya zaga baya ya sake rubutawa, a ƙarƙashi kuma ya sa sunan garin da jirgin yake: Chattogram.

Ni Ledu ne, mai aski. Shagona yana bakin layin da ke gangarawa kwata, inda jirage ke ɗaurewa, gidan hayar Safa kuma yana bayana, bango ɗaya ya raba mu. Tun gemunsa yana baƙi wuluk nake gyara masa shi. Ya girme ni, don haka Bodda nake ce masa, wato babban yaya.

Ba ɗan birni ba ne. Daga tsibirin Sandwip yake. Yana yaro teku ya fara cin gonar ubansa kaɗan-kaɗan, kamar akuya ta samu bakin zana. Suka kwashe gida suka ja baya, teku ya biyo su. Suka sake ja, ya sake biyo su. Ran da ruwa ya iso gindin bishiyar kwakwar ƙofar gida, uban ya zuba iyalinsa a kwalekwale ya taho birni, ya mutu yana dakon buhu a kwata. Safa ba ya yawan ta da wannan zance. Sau ɗaya ya taɓa ce mini, "Ledu, kabarin kakana yanzu kifi ne ke kai masa ziyara." Ya yi dariya, amma tun daga ranar na gane dalilin da ya sa in ya ji an ce wani abu zai tashi daga gurbinsa, sai abinci ya fita ransa.

Kogin nan namu ba shi da zurfin da manyan jirage ke so. Can waje suke tsayawa a teku, ƙananan jiragen dako su je su rage musu kaya, alkama da taki da sukari da dutsen siminti, su shigo da su gari ko su wuce da su cikin ƙasa. Wato nakasar garin ita ce tuwonmu. Mai walda, mai igiya, mai shayi, mai aski, duk a bayan jiragen dakon nan muke ci. Gishirin teku kuma ba ya barin fenti ya daɗe, saboda haka Safa bai taɓa zaman banza ba. Da buroshin nan ya yi wa 'yarsa Morjina aure, da shi yake sayen maganin sukarin matarsa Hosne Ara.

Sai aka fara zancen sabuwar tashar jiragen ruwa a Matarbari, can kudu, inda aka ce ruwa mai zurfi ne.

A shagona zancen ya fi tafasa, don akwai wani tsohon matuƙin jirgi, Kala Mia, da nake kira Chacha, wato baffa, wanda ya mai da bencina ofishinsa. Ba ya aski, don ba shi da gashin, jarida kawai yake zuwa ya karanta da ƙarfi.

"Kun ji ko?" in ji shi wata safiya, Safa yana kan kujera fuska duk kumfa. "Wai a can jirgi zai shigo da cikinsa tim, ya jingina da bango kamar saniya ta dawo garke. To ku gaya mini, wa zai nemi jirgin dako? Mistri, fara koyon rubuta sunan kekuna."

Na ce, "Haba Kala Chacha, kai kullum bakinka ba ya fita da alheri. Tun ina goye ake cewa garin nan zai mutu. An ce tashar Mongla za ta ƙwace mana motocin da ake shigowa da su, an ce tashar Payra, ga mu nan dai."

"Motocin ai ta kwashi rabonta. Kai da ba ka san komai ba sai ƙeyar mutane."

"Mu ma ai an ce za a gina mana sabon wurin sauke kaya a bakin teku. Ga hanyar ƙarƙashin kogi an yi. Duk rigar da ake ɗinkawa a ƙasar nan ta ina take fita?"

"Ta nan, a ƙaramin jirgi, a kai ta Colombo ko Singapore a ɗora wa babba. Mu 'yan rakiya ne, Ledu. Dhaka ke da kujera, su waɗancan ke da zurfi, mu muna da taɓo da tarihi."

Aka kwashe da dariya. Safa bai yi ba. Na ji muƙamuƙinsa ya yi tauri a ƙarƙashin aska, har na ce masa, "Bodda, saki fuska mana, kada in yanka ka."

Ya ce, "Yaushe za a gama ta?"

Kala Mia ya ce, "Wa ya sani? Amma dai ruwa ba ya tsami banza."

Daga ranar Safa ya sami sabon ciwo. Duk safiya kafin ya tafi aiki sai ya hau gadar katako ta kwata ya tsaya yana duban bakin kogi. In jirage sun yi cincirindo suna jiran wuri, sai ya dawo fuska a sake, ya sha shayi da biskit. In ruwan ya yi fili, ko da hutun salla ne ya jawo, sai ya shigo shago ya zauna shiru. Ya sayi ƙaramar rediyo. Ya fara tare direbobin tirela yana tambayarsu daga ina suka ɗauko kaya. Hosne Ara, wadda ke kirana Bhai, wato ɗan'uwa, ta taɓa leƙowa ta katanga ta ce mini, "Ledu Bhai, don Allah ka yi wa baban Morjina magana. Sai ka ce shi ne shugaban tashar. Jiya da miyar busasshen kifi na haɗa masa shinkafa, wadda yake so, ko loma uku bai yi ba."

Akwai wani attajiri, Haji Sekandar Sowdagar, mai jiragen dako da dama. Tun Safa yana saurayi shi ke masa rubutu. Haji mutum ne mai taurin kai, mai cin ganyen pan har bakinsa ya yi ja, kuma ya ɗauki garin nan kamar gadon ubansa. Amma ya tsufa, 'ya'yansa biyu sun fara karɓar ragama: Mahbub babba, wanda ya yi karatun kasuwanci a waje, da Didar ƙarami, wanda ya tashi a cikin ƙarfe da man inji.

Ana gab da damina aka aiko wa Safa. Ya je ya tarar Mahbub ya sayar da jirage biyu ga wani mutumin Mongla. Sabon mai jirgin ya ce sunayen su zauna, na ƙasan kawai za a canja. Aka zuro Safa a bayan jirgi, ya bi rubutun hannunsa da baƙin fenti harafi-harafi, ya jira ya bushe, ya rubuta Mongla. Ya koma na biyun ya yi haka.

Da ya dawo bai shiga gida ba, shagona ya faɗo. Ya ce, "Ledu, ni na rubuta, ni na shafe. Kuma ka san abin haushin? Da kyau na rubuta musu. Hannun bai san ƙiyayya ba."

Kala Mia ya buɗe baki zai yi tsiya, na harare shi, ya mai da kai ga jarida.

Ashe cinikin bai yi wa Haji daɗi ba. Ya ce shi bai mutu ba tukuna da za a riƙa raba masa kaya. Don ya nuna wa ɗansa da duk mai cewa gari ya ƙare, sai ya ba da aikin sabon jirgi, mafi girma a duk nasa, a filin maƙera da ke ƙetaren kogi. Ran da aka aza ƙarfen farko ya sa aka yanka shanu, ya kira Safa gaban jama'a ya dafa kafaɗarsa.

"Mistri, wasa buroshinka. Wannan da haruffa manya za ka rubuta shi, yadda za a karanta tun daga Matarbari."

Safa ya dawo kamar an yi masa bushara da aljanna. Ya ci abinci, ya yi wa Kala Mia tsiya a kan sanƙonsa. Ya ce in Haji Sekandar da kansa ya zuba dukiyarsa a kogin nan, to shi wane ne da zai yi shakka? Kullum in ya tashi aiki sai ya shiga kwalekwalen fito ya ƙetare ya duba yadda haƙarƙarin jirgin ke tashi.

Farin cikin bai daɗe ba, kuma daga cikin gida aka fara.

Mijin Morjina, Jashim, yaro ne mai hankali, direban injin ɗaga kaya. Suna zaune a ɗaki ɗaya a layinmu. Wani ɗan kwangila ya yi masa tayin aiki a Matarbari, albashi ya fi, ga ɗaki. Ya zo gaya wa surukinsa ran da ruwa ya cika. In wata ya yi tsakiya a damina, kogi kan turo ruwa ta magudanai ya mamaye layi, ko da ba a yi ɗigon sama ba. Ran nan ya kai ƙwauri. Na shiga taya su ɗora buhun shinkafa kan gado, sai na tarar da su tsaye a cikin ruwa, kowa ya naɗe lungi, zanen da maza ke ɗaurawa.

Jashim ya ce, "Abba, ba gudu nake yi ba. In an buɗe wurin sosai, waɗanda suka riga zuwa su ne za su zama manya. In na jira, sai dai in je in yi wa yaran yanzu biyayya."

Safa ya ce, "A nan aiki ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba. Kaya ma ƙaruwa suke yi. Amma injinan da ake kawowa yanzu mutum ɗaya ke yin aikin goma. Kuma dubi inda muke tsaye, Abba. Garin da ke ciyar da ƙasa, amma surukata tana dafa abinci a kan gado."

"Ruwa ne, zai janye."

"Na Sandwip ya janye?"

Morjina, da ta rako shi, ta ce, "Kai, wace irin magana ce wannan?" Jashim ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, amma magana zarar bunu ce. Safa ya ɗauki takalminsa da ke yawo a kan ruwa ya fita. Bai hana su ba, bai kuma sa albarka da baki ba. Ran tafiya ya ɗauki akwatin Morjina a ka har tashar mota, ya saya mata lemo da biredi, ya juya kafin mota ta tashi.

Bayan tafiyarsu ba da jimawa ba Haji Sekandar ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Mahbub ya sa aka dakatar da aikin jirgin. An gama gindi da rabin jiki, ba a rufe sama ba. Masu walda suka kwashe kayansu. Ruwan sama ya taru a cikinsa, tsatsa ta fara zubo masa kamar hawaye, awaki suka sami inuwa a ƙarƙashinsa.

Duk Majhirghat aka mai da jirgin nan ma'auni. In an hango tartsatsin walda a ƙetare, sai a ce gari zai tashi. In an ji shiru, sai a ce an gama da mu. Wani mai sayar da igiya ya rufe shago ya bi 'ya'yansa Dhaka. Wani kuma, a layi guda, ya rushe gidansa ya fara gina bene, wai nan gaba ko tabarma ba za a sami wurin shimfiɗawa a garin nan ba. Kowa da lissafinsa, kuma kowa da hujja. Ni kaina in na tashi da safe ban san wanda zan bi ba. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ka rasa ko ruwa za ka shafa wa naka ko kuwa gobarar ma ƙarya ce.

Safa ya rame. Wata rana ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi ofishin Mahbub. Ya ce ya daɗe zaune a kan benci kafin a shigar da shi. Mahbub bai wulaƙanta shi ba, har shayi ya sa aka kawo.

"Chacha, na san abin da ya kawo ka. Kana ganin ni ne mugun."

"A'a, ni wa? Na dai ce, jirgin nan na mahaifinku, in aka bar shi wata damina, ƙarfen zai lalace."

"Na sani. Amma jirgi ba rigar salla ba ne, Chacha. In na gama shi, shekara da shekaru zai yi yana neman kaya. In manyan jirage suka daina tsayawa a waje, me zan ɗora masa? Didar yana cewa ko an buɗe can, dole a kwaso kayan ta ruwa a kawo nan, jiragen dako ma ƙara daraja za su yi. Wataƙila shi ke da gaskiya. Wataƙila ni. Mutanen da suka fi mu karatu ma sun rabu biyu. Kai in kai ne, za ka sa abincin gidanka duka a kan wataƙila?"

Safa ya ce mini ya so a ce yaron ya yi masa rashin kunya, da ya sami wanda zai tsana. "Amma Ledu, shi ma tsoro yake ji. Na gani a idonsa. Mai kuɗi yana tsoro, to ni in yi yaya?"

Haji ya rasu da sanyi. Aka yi masa mezban, walimar sadaka, irin wanda ya dace da shi, shanu ba adadi, tukwane jere a titi, nama da jan yaji da farar shinkafa, duk wanda ya zo wucewa ya zauna ya ci. A nan, ana cikin ci, labari ya zaga cewa an raba gado: Mahbub ya ɗauki ofis da filaye zai buɗe wurin ajiye kwantena a hanyar Dhaka, Didar ya ɗauki sauran jirage da wanda ba a gama ba.

Kala Mia yana tsotsar ƙashi ya ce, "To, ɗaya ya bi tudu, ɗaya ya bi ruwa. Ko ta ina aka faɗi, gidan Haji bai faɗi ba. Mu ne dai ba mu da ɗan'uwan da za mu raba tsoro da shi."

Didar ya mai da masu walda. Aikin ya tafi da ɗingishi, a yi a tsaya, amma ya tafi. Da aka shafa wa jirgin jan fenti a ƙasa da baƙi a sama, ya aiko a kira Safa. Na rufe shago na bi shi.

Jirgin yana kan tudu, a kan gungumai, tsayinsa ya fi bene. Didar ya fito daga ƙarƙashinsa hannu duk baƙin mai.

"Chacha, Abba ya yi maka alkawari, ni zan cika. Yara sun ce in sa a yanko haruffa da kwamfuta a manna, na ce a'a. Sunansa za ka rubuta. Haji Sekandar."

Safa ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Allah ya yi maka albarka." Har ya fara kwance buroshi daga tsumma.

Didar ya sosa kai. "Sai dai na ƙasan, ka bar shi tukuna."

"Na ƙasa?"

"Sunan gari. Akwai masu tayi. Wani daga Mongla, wani kuma yana son ya riƙa aiki da shi a kudu. Ban ce zan sayar ba, wallahi ban yanke ba. Amma kada ka rubuta yau, gobe in sa ka shafe."

Safa ya dube shi, ya dubi jirgin. Aka zuro shi. Ina ƙasa ina kallo, gabana yana faɗuwa, don iska tana kaɗa katakon, shi kuma ba yaro ba ne. Amma shi ko a jikinsa, ya ɗora buroshi a ƙarfe. Ya ja layin nan da ke bin saman haruffan rubutunmu tiƙ, kamar da igiya aka gwada. Ya gama goshi, ya gama baya. A ƙarƙashin sunan ya bar fili baƙi, faɗin tabarma. Ya daɗe zaune a gaban filin nan, har masu riƙe igiya suka leƙo suka ce, "Mistri, lafiya?" Ya ce su ja shi.

A kwalekwalen dawowa ya ce, "Wannan shi ne na ƙarshe. Ƙafafuna ba sa son igiyar nan kuma."

Jirgin ya shiga ruwa, kuma har yau Didar bai sayar ba. Yana aikinsa, wata rana da kaya har wuya, wata rana ya yi mako a ɗaure. Daga baya hukuma ta matsa, wani yaronsa ya manna sunan garinmu da sitika. Safa bai je ya gani ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba, ga magani ana saye. Wani abokinsa ya kai shi garejin da ake ƙera bodin manyan motoci a unguwar Dewanhat. Aiki a can ya yi yawa, don ko ta ina kaya suka shigo ƙasar, sai mota ta ɗauka. Yanzu yana tsaye a ƙasa, babu igiya, yana zana furen ruwa da ɗawisu da damisa a jikin gingimari, a baya ya rubuta wa na baya ya yi hon. Ranar farko ya dawo da kore da ruwan hoda a gemu.

Kala Mia ya ce, "Sannu da zuwa, amarya! Wa ya yi miki lalle?"

Safa ya ce, "Bari kawai. Mutumin da ya rubuta sunayen alhazai, yau shi ke yi wa damisa gashin baki. Direban ma cewa ya yi damisar ta yi kama da surukarsa, in ƙara mata haƙora."

Ya yi dariya tare da mu. Amma tambayar direbobi bai daina ba, sai ma ya samu su a tafin hannu.

Da cikin Morjina ya tsufa, Hosne Ara ta tafi ta zauna da ita. Safa ya zauna shi kaɗai, matata ke miƙa masa abinci ta katanga. Da aka haihu, mace, aka bugo masa waya. Ya so a kawo mai jego gida a yi suna a nan, Jashim ya ce ba za a ba shi hutu ba. Safa ya yi kwana biyu yana ƙunƙuni, sannan ya zo na gyara masa gemu, ya sayi 'yan kunne ƙanana da kayan yajin mezban, ya hau mota. Wannan ne zuwansa na farko.

Bai daɗe ba ya dawo, wai motoci na jiransa. Ya shigo shago da la'asar, Kala Mia ya ajiye jarida.

"To, ɗan leƙen asiri, ba mu labari. Da gaske ne ko ƙarya?"

"Da gaske ne. Bangon da suka yi wa teku, in ka tsaya a wannan kai ba ka ganin wancan. Ruwan shuɗi ne, Kala Bhai, ba irin namu mai kalar shayi ba. Na ga jirgin gawayi ya jingina, ban taɓa ganin irinsa kusa haka ba."

"Shi ke nan, mun mutu."

"Ban sani ba. Babu gari a wurin. Babu banki, babu asibitin kirki, babu mai walda a bakin hanya. In ƙusa ta karye sai an aiko nan. Hanyar ma ana kan yi. Na zauna da wani dattijo mai gonar gishiri, an karɓi gonarsa an yi fili. Ya ce mini, ku mutanen Chattogram kun ji daɗi, ku za ku ci moriyar, mu an bar mu da ƙura. Na ce masa mu a can cewa muke ku ne za ku cinye mu. Ya dube ni kamar na zage shi."

Kala Mia ya ce, "To wa zai ci?"

"Ka tambayi jaridarka."

Sai da benci ya watse, ina share gashi, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Jashim ne ya raka ni mota. Ya ce kwangilar maigidansa ta kusa ƙarewa, kuma ba a ce za a sabunta ba. An ce in an buɗe wurin sosai, wani kamfani ne zai kawo nasa direbobin. Wataƙila a riƙe shi, wataƙila a sallame shi. Bai gaya wa Morjina ba, tana jego. Ya riƙe hannuna, Ledu, yaron nan. Ya ce, Abba, in abin ya ɓaci, kana ganin za a mai da ni a tsohon wurina?"

"Me ka ce masa?"

"Na ce Allah na nan. Me zan ce? Ni na san garin da zai tsaya ne?" Ya murza gemu. "Ɗakin nan na bayan mai shayi, wanda ƙasansa ke da tudu, ruwa ba ya shiga. Na ji an ce masu hayar za su tashi."

"An ce. Amma mai gidan yana son ya ƙara kuɗi, wai gari zai bunƙasa."

Safa ya yi tsaki. "Ka dai sa mini ido a kai. Kada ka ce don wa. In sun dawo, sun dawo. In kuma an riƙe shi, uwar Morjina ta riga ta fara cewa iskar can ta fi karɓar ta, ni ma in tattara in taho. Ka ji fa."

Na ce, "Za ka je?"

Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "Gobe akwai motoci uku a gareji, ɗaya ma ɗawisu biyu yake so. Ka gaya wa mai ɗakinka kada ta cika yaji yau, cikina bai zauna daidai ba tun a hanya."